Waiwaye: Jirgin Vasa da Hafsan da Ya Gani Ya Yi Shiru

Ranar Lahadi, 10 ga Agusta, 1628, da la'asar, mutanen Istokholm, babban birnin Suwidin, suka yi dafifi a bakin ruwa don su ga tashin sabon jirgin yaƙin sarkinsu. Sunan jirgin Vasa, sunan gidan sarautar ƙasar. Har jakadun ƙasashen waje suna cikin 'yan kallo, kowanne da abin da zai rubuta wa ubangidansa. Jirgin bai ko fita daga mashigin birnin ba. Tafiyar mita 1,300 kacal ya yi, ya karkata, ya sha ruwa, ya nutse a kan idon kowa. Mutum wajen 30 suka halaka.

Babu abokin gaba a kusa, babu hadari a sama, ba kuma dutse ya ci karo da shi ba. Jirgin da aka ƙera don ya razana duk Tekun Baltik bai taɓa harba harsashi ɗaya a kan maƙiyi ba. Kusan shekara 400 ke nan, amma har gobe ana ba da labarinsa a makarantun injiniyoyi da na masu gudanar da manyan ayyuka, galibi a matsayin labarin sarki mai girman kai da ya yi ta tsoma baki a aikin da ba nasa ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Sai dai ni abin da ya fi tsaya mini a rai wani abu ne daban, wanda ya faru a saman jirgin kafin ranar tashi, a gaban wani babban hafsan sojan ruwa. Amma bari mu fara da yadda yaƙin teku yake a wancan zamani, don sai an san wannan za a gane dalilin da ya sa aka yi jirgi mai irin wannan ƙira.

Ƙarni bayan ƙarni, yaƙin ruwa yaƙin tudu ne da aka kai shi kan ruwa. Jirgi ya matso jirgi, a jefa ƙugiya, a ɗaure, dakaru su tsallaka da takubba da masu. Haka Musulmi suka yi da Rumawa a yaƙin Zatus-Sawari wajen shekarar 655, zamanin Halifa Usman, Allah ya ƙara masa yarda: aka haɗe jirage da juna, aka gwabza kamar a fili. Ko a Lefanto a 1571, inda rundunar Daular Usmaniyya ta kara da ta ƙawancen Kiristocin Turai, yawancin jiragen masu tuƙin hannu ne, kuma duk da akwai igwa, ƙarshenta gaba da gaba aka yi ta.

Abin da ya sauya lissafi wata 'yar dabara ce da ta bayyana wajen shekarar 1500: a huda taga a haƙarƙarin jirgi, a yi mata murfi. Da wannan taga aka samu damar sauko da manyan igogi cikin jirgi, a jera su a kowane gefe, jirgi ya juya wa abokin karawarsa haƙarƙari ya sakar masa wuta gaba ɗaya tun daga nesa. Amma dabarar ta zo da nata haɗarin. Igwa nauyi gare ta, in an sa ta can sama sai jirgi ya yi ta layi. In an sauko da ita ƙasa kuma, tagarta ta yi kusa da ruwa. Ingila ta ɗanɗana wannan a 1545, lokacin da jirgin Mary Rose ya karkata wajen juyawa a gaban rundunar Faransa, ruwa ya shiga ta tagogin ƙasa, ya nutse da ɗaruruwan mutane, Sarki Henri na Takwas yana kallo daga tudu. Shekara 83 ke nan kafin Vasa. Wato duk wani matuƙin jirgin yaƙi na wancan lokaci ya san abin da buɗaɗɗiyar taga take yi.

Vasa ya faɗo ne tsakanin zamani biyu. An yi masa doguwar hasumiya a baya, inda 'yan bindiga za su tsaya su yi harbi ƙasa in an haɗu gaba da gaba, irin na da. An kuma yi masa hawa biyu cike da manyan igogi, irin yaƙin da ke tafe, wanda sai a shekarun 1650 ya zauna sosai, lokacin da jirage suka fara shiga yaƙi a sahu ɗaya, wannan na bin wancan. An so a ci riba biyu a jirgi ɗaya, kuma kowace ribar nauyi take ƙara masa daga sama.

Sarkin da ya ba da aikin, Gustaf Adolf, ya hau gadon sarauta a 1611 yana ɗan shekara 16, ya kuma tashi cikin yaƙi. Babban abokin gabarsa ɗan wan mahaifinsa ne, Sigismund, Sarkin Folan, wanda ya taɓa sarautar Suwidin kafin mahaifin Gustaf ya tuɓe shi a 1599. Ga rikicin gado, ga bambancin ɗarika, ɗaya Katolika ɗaya mabiyin Luther. Sojojin Gustaf suna can ƙetaren Baltik suna fafatawa, kuma kowane soja, kowane doki, kowace gangar albarushi, sai ta ruwa za su isa. Ana cikin haka, a 1625 guguwa ta farfasa masa jirage goma a mashigin Riga. A Nuwamban 1627 kuma jiragen Folan suka yi wa nasa kaca-kaca a Oliwa, kusa da birnin Danzig: suka kama ɗaya, ɗaya kuma mutanen cikinsa suka tarwatsa shi da albarushi don kada a kama su. Sarki mai alfahari da sojansa ya ji kunya. Wasiƙu suka yi ta zuwa Istokholm daga fagen fama, duk maganarsu ɗaya: a gama jirgi, a turo shi.

An sa hannu a kwangilar tun Janairun 1625 da wani gwanin maƙerin jirage ɗan Holan, Henrik Hybertsson, da abokin cinikinsa Arendt de Groote. A 1626 aka kafa ƙashin bayan jirgin. Maƙeran Holan na lokacin ba sa aiki da zane a takarda. Akwai 'yan awo na tsawo da faɗi da zurfi da aka gada, sauran kuwa yana cikin kan maigida, irin abin nan da ake cewa ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. To, maigidan ya kwanta ciwo aiki bai yi nisa ba, ya miƙa wa mataimakinsa Hein Jacobsson, ya rasu a 1627, matarsa Margareta ta ci gaba da riƙe harkar. Ma'aikatan kuma gauraye suke, Suwidawa da 'yan Holan. Masu tono sun tsinci sandunan awo huɗu a cikin jirgin: biyu na ƙafar Suwidin mai inci 12, biyu na ƙafar Amsterdam mai inci 11. Ba wannan ne ya kifar da jirgin ba, amma ya nuna irin yadda aikin ya gudana.

Da aka gama, abin ya ƙayatar. Tsawonsa mita 69, faɗinsa bai kai mita 12 ba, daga gindinsa zuwa ƙolin babban itacen filafilai fiye da mita 50. Filafilansa goma ne, wato manyan ƙyallayen nan da ake baza wa iska ta tura jirgi. Itatuwan katako wajen dubu aka sare dominsa. Igwa 64 aka ɗora masa, duk na tagulla, 48 daga ciki manya ne masu jefa dunƙulen ƙarfe mai kusan kilo 10, kowace nauyinta ya haura tan ɗaya. Ga sassaƙe-sassaƙe ɗaruruwa, an shafe su da ja da shuɗi da ruwan zinariya: zaki mai tsalle a goshin jirgi, sarakunan Rum a jere, jaruman da aka ambata a Baibul, har da siffar manyan Folan an durƙusar da su a wulaƙance. A cikin murfin kowace tagar igwa an sassaƙa fuskar zaki, ta yadda in an ɗaga murfin maƙiyi zai ga zaki yana hararsa, bakin igwa na ƙarƙashi. An kashe lokaci da basira wajen tunanin abin da maƙiyi zai gani.

Akwai labarin da ya yaɗu cewa wai hawa ɗaya aka fara yi, sarki ya aiko a ƙara na biyu aiki ya yi nisa. Masu binciken da suka auna katakon jirgin ɗaya bayan ɗaya ba su ga alamar haka ba. Abin da ya tabbata shi ne an yi ta sauya lissafin makamai, har aka ƙare da manyan igogi a hawan sama, alhali tagogin wurin an yanka su ne daidai da matsakaita. Amma ko igogin ba su ne tushen cutar ba. Jikin jirgin ne kansa ya yi tsawo da nauyi a saman ruwa, abin da ke ƙarƙashin ruwa kuma ya yi kaɗan, ya yi siriri. An zuba duwatsu tan 120 a gindinsa don su zaunar da shi, ba su isa ba. In an ƙara kuma, jirgin zai ƙara nutsewa tagogin ƙasa su taɓa ruwa. Duk wanda ya taɓa tsallaka Kogin Kwara a kwale-kwale ya san dalilin da ya sa matuƙi yake jera buhuna a ƙasa yana daka wa fasinja tsawa su zauna: nauyi in ya hau sama, ɗan motsi kaɗan ya isa. A 1628 babu wanda ya iya lissafa wannan da alƙalami. Sai a 1746 wani masani Bafaranshe, Pierre Bouguer, ya fito da hanyar auna zaman jirgi a kan ruwa tun kafin a ƙera shi. Saboda haka ni ban ga abin zargi mai yawa a kan maƙeri ba. An sa shi aikin da bai saba ba, da ilimin da zamaninsa bai kai ba, ya kuskure. Kuskure irin wannan ana yinsa, ana kuma gano shi.

An kuwa gano shi. Kyaftin ɗin da aka ba jirgin, Söfring Hansson, tsohon hannu ne a teku, kuma tun jirgin yana ɗaure a gindin fadar sarki ana yi masa lodi ya ji zamansa bai kwanta masa ba. Sai ya gayyato mataimakin babban hafsan sojan ruwa, Klas Fleming, ya ce ya zo ya gani da idonsa. Aka tara mutum 30 a gefe ɗaya na saman jirgin, aka ce su ruga ɗaya gefen, su dawo, su sake rugawa. Gwaji ne sananne a wajen matuƙa: jirgi mai lafiya zai ɗan yi rangaji ya koma ya zauna. Suka ruga na farko, jirgi ya karkata. Na biyu, ya ƙara. A na uku sai da aka tsayar da su, don kowa ya ga in suka ƙara ɗaya jirgin zai kife a nan inda yake ɗaure, ba filafili ko ɗaya a sama, ba iska.

A tsaya a duba wannan da kyau. Ba zato ba ne, ba jita-jita ba ce, ba kuma rahoton wani ƙaramin ma'aikaci ba ne da za a ce yana neman suna. Mutum 30 da ƙafafunsu kawai sun kusa kifar da jirgi mai nauyin tan 1,200, a gaban mutumin da ke da ikon cewa a dakata. Shugaban matuƙan jirgin, Jöran Matsson, ya ba da shaida daga baya cewa ya yi wa Fleming maganar ƙunci da sirantar gindin jirgin, shi kuwa ya kwantar masa da hankali da cewa ai maƙerin ba yau ya fara ƙera jirgi ba. An kuma ruwaito Fleming yana fatan da ma sarki yana gida. Iyakar abin da ya yi ke nan. Aka ci gaba da lodi.

Wannan fata tasa ita ce ta tona asirin yadda fadar take. Ma'anarta: na ga matsala, amma ba ni ne zan faɗa ba, ba ni ne kuma zan yanke ba. Sarki yana fagen fama a Furusiya, wasiƙa tana cin fiye da mako biyu kafin ta same shi, kuma amsar da ake jin za ta dawo an riga an san ta. Shi ya amince da awon jirgin, shi yake ta aiko a gaggauta. Wa zai rubuta masa cewa abin alfaharinsa, wanda ya cinye dukiya mai ɗimbin yawa, ba ya iya tsayuwa a kan ruwa? Kowa ya duba na sama da shi, na saman kuma ya duba ƙetaren teku.

Ranar tashi, an fara jan jirgin ne da igiyoyin anga a gefen gari, don iskar ba ta da ƙarfi. Mutanen ciki wajen 150 ne. Sojoji 300 da aka tanada ba su hau ba tukuna, suna jira a sansanin Älvsnabben, can cikin tsibirai. An dai bar ma'aikata su ɗauko matansu da 'ya'yansu su raka su zangon farko, kamar yadda aka saba. Da aka kai inda za a saki igiya, aka ɗaga filafilai huɗu, aka buga igwar ban kwana. Tagogin igwa duk a buɗe suke, na sama da na ƙasa, zakuna suna kallon jama'a. Iska ta ɗan kaɗo daga tuddan kudancin gari, jirgi ya kwanta gefen hagu, ya daɗe kafin ya miƙe. Da ya zo daidai wani gibi tsakanin tuddan, wata ta sake bugowa, ba wata mai ƙarfi ba. Wannan karon bai miƙe ba. Ruwa ya kwararo ta tagogin ƙasa, ya cika hawan, ya gangara ciki. Cikin ɗan lokaci jirgin ya zauna a ƙasan ruwa mai zurfin mita 32, tazarar mita 120 daga tudu, kawunan itatuwan filafilansa suna leƙowa, mutane sun maƙale a jikinsu suna ihu. Ƙananan jirage suka yi ta tsamo waɗanda suka faɗa ruwa. Waɗanda ke can ciki, a hawan ƙasa, su ne ba su samu hanyar fita ba.

Nan take aka kama kyaftin aka tsare. Ya rantse cewa igogi a ɗaure suke, kuma babu wanda ya sha ya bugu. Da labari ya isa ga sarki, amsarsa ita ce lallai sakaci da ganganci ne, a nemo masu laifi a hukunta su. Ranar 5 ga Satumba aka zauna bincike a fada, mutum 17, ƙarƙashin babban hafsan sojan ruwa na ƙasa, Karl Gyllenhielm, wanda ɗan'uwan sarki ne uba ɗaya. Aka yi ta kiran hafsoshin jirgin ɗaya bayan ɗaya. An ɗaure igogi? An ɗaure. An zuba duwatsu yadda ya kamata? An zuba iyakar abin da wurin zai ɗauka. A nan ne Matsson ya fasa ƙwai, ya ba da labarin gudun mutum 30 da wanda ya tsaya yana kallo. Aka juya kan maƙera. Jacobsson ya ce shi awon da marigayi Henrik ya bari ya bi, har ma ya ɗan ƙara faɗi da kansa, kuma sarki ya ga awon ya amince. Da aka tambayi de Groote to me ya kifar da jirgin, sai ya mayar da sanin ga Allah.

Daga nan bincike ya cije. Hanya ɗaya ta bi ta ƙare a kan mamaci, ɗaya ta ƙare a kan sarki, ta uku kuma ta nufi Fleming, wanda rundunar ba ta iya rabuwa da shi ana tsakiyar yaƙi. An so a bar jaki a doki taiki, amma taikin ya kare kansa da hujja. Aka watse ba a hukunta kowa ba. Aka saki kyaftin ya koma bakin aiki, Jacobsson ya ci gaba da ƙera wa sarki jirage.

Sanin gaibu sai Allah, wannan babu ja. Amma abin da ya kifar da Vasa ba gaibu ba ne. An gwada shi da rana tsaka an gani. Ina jin ciwo duk lokacin da aka ɗauki sunan Allah aka rufe abin da mutane suka sani sarai, a Turai ne ko a ina. Mu da aka koya wa ɗaure raƙumi kafin tawakkali mun fi kowa sanin cewa ƙaddara ba ta wanke wanda ya ga rami ya bar makaho ya nufe shi.

Wani zai ce, to me Fleming zai iya yi? Ba shi ya ƙera ba, ba zai kuma farke jirgi ya sake ba. Gaskiya ne, amma tsakanin a farke jirgi da a sake shi haka nan akwai hanyoyi da yawa, kuma duk an san su a zamanin. Ana iya sauke igogin sama a kai su sansani a wani jirgin. Ana iya rage tsawon itatuwan filafilai. Maƙeran lokacin sun saba ƙara wa siririn jirgi katako a haƙarƙari don ya yi faɗi a daidai ruwa. In duk wannan ya yi tsada, ana iya cewa a rufe tagogin ƙasa har a ga yadda jirgin yake tafiya, abin da ba ya cin ko kwabo. A nan shi ma kyaftin yana da nasa kason, don shi ya fi kowa sanin halin jirginsa, ya kuma bar su a buɗe. In ma wannan ya gagara, ana iya cewa kada mace ko yaro ya hau. Ko ɗaya ba a yi ba. Hujjar cewa cutar tana da magani kuwa tana nan a ƙanin Vasa, jirgin Äpplet, wanda Jacobsson ɗin nan ya ƙera a wuri guda, ya ƙara masa faɗi. Ya shiga ruwa a 1629, ya yi wa Suwidin aiki wajen shekara 30, daga baya aka nutsar da shi da gangan don toshe wani mashigi kusa da Vaxholm. A 2022 masu bincike suka sanar sun gano shi.

Shi kuwa Vasa ya kwanta a laka. Tsakanin 1663 da 1665 masu nutso suka ciro fiye da 50 daga igoginsa, suna sauka cikin wata ƙatuwar ƙararrawa, mutum yana tsaye a ƙarƙashinta yana shaƙar 'yar iskar da ta maƙale a sama, cikin duhu da sanyi. Daga nan aka bar shi. Abin da ya cece shi ruwan Baltik ne, wanda gishirinsa bai isa tsutsar teku mai cin katako ta rayu ba. A 1956 wani mai sha'awar tsofaffin jirage, Anders Franzén, ya gano inda yake. Masu nutso suka haƙa ramuka shida a ƙarƙashinsa, aka zura igiyoyin ƙarfe, aka yi ta ɗaga shi kaɗan-kaɗan, har ranar 24 ga Afrilu, 1961, ya fito sarari bayan shekara 333. Shekara 17 aka yi ana fesa masa wani sinadari don kada katakon ya tsage in ya bushe. Tun 1990 yana gidan tarihin da aka gina masa a Istokholm, kusan dukkan katakonsa na asali ne.

Da aka shiga cikinsa, jirgin ya ba da shaidar da kotu ba ta samu ba. Amalanken igogi suna nan a mazauninsu, wato kyaftin bai yi ƙarya ba. An sami filafilai shida da ba a taɓa ɗagawa ba, a naɗe a ma'ajiyarsu. An sami akwatunan ma'aikata da kayansu: hula, takalma, safar hannu, zare da abin ɗinki, cokulan katako, 'yan kuɗin tagulla. An sami ƙasusuwan aƙalla mutum 15, har da mata. Ɗaya an same shi a danne ƙarƙashin amalanken igwa. Wani kuma a kusa da sandar tuƙi, ana kyautata zaton matuƙin ne, bai bar wurin aikinsa ba. Waɗannan ba su halarci gwaji a matsayin masu yanke hukunci ba, ba su ga wasiƙar sarki ba, ba a tambaye su ba. Wataƙila ma wasunsu suna cikin mutum 30 ɗin da aka sa gudu.

Mai karatu, in kai ne shugaba, a ma'aikata ko a kasuwa ko a gida, ka tambayi kanka yaushe rabon da wani na ƙasa da kai ya kawo maka labari marar daɗi ya fita da mutuncinsa. Gustaf Adolf ba wawa ba ne; masana yaƙi suna lissafa shi cikin gwanayen janar-janar na Turai, ya kuma mutu a fagen fama a Lützen a 1632. Na tabbata da an ba shi zaɓi tsakanin jinkirin wata biyu da asarar jirgi da igwa 64, jinkirin zai ɗauka. Amma ya yi ta matsa wa mutanensa har suka ga fushinsa ya fi kifewar jirgi ban tsoro, sai aka hana shi zaɓin. In kuma kai ne na tsakiya, injiniya ne kai mai duba gini, ko jami'i mai sa hannu a takarda, ko mai kula da lodi a bakin kogi, to kujerar Fleming kake kai. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba a ba ka muƙamin don ka yi fatan da ma maigida yana nan ba. An ba ka ne don ranar da ba ya nan.

Fleming bai rasa komai ba. A 1634 aka naɗa shi gwamnan Istokholm na farko, ya yi wa birnin aiki mai kyau, shi ya shata yawancin titunansa na lokacin, kuma har yau akwai titi mai sunansa. A 1644 harsashin igwar Danmak ya same shi a cikin jirginsa kusa da Kiel, ya mutu yana jagorantar runduna. Ba matsoraci ba ne a gaban wuta, ba kuma maci amana ba ne, kuma wannan ne ya sa labarinsa ya fi tayar mini da hankali: mutumin kirki ne, mai ƙwazo, wanda ya iya fuskantar igwar maƙiyi amma bai iya rubuta wa ubangidansa layi biyu ba. Kotun 1628 ba ta kama kowa ba. A nawa hukuncin, maƙeri ya yi kuskure, sarki ya yi gaggawa, kyaftin ya bar taga a buɗe, amma kaso mafi girma na alhakin rayukan nan 30 yana wuyan Klas Fleming.